Ɗamarar Alfadara

Yayana ya shigo Amurka da alkawari ɗaya a wuyansa. Inna ce ta ɗora masa, a tsakar gidanmu na Kano, ranar da zai tafi: ba zai ƙara ɗaga hannu a kan ɗan Adam ba. Unguwarmu ta san hannun nan. Ya taɓa karya wa wani kwandasta muƙamuƙi don ya zagi mahaifinmu da ke kabari. Da na biyo shi New York karatu, sai Inna ta ƙara ɗaure maganar a waya, ina zaune ina ji.

"A can babu mai unguwar da zai shiga tsakani. Ka daki mutum sau ɗaya, su kama ka su dawo mini da kai, ƙanwarka ta zauna ita kaɗai a garin da ba ta da kowa."

Muna zaune a titin Grand Concourse, a unguwar Bronx. Ni ina hawa jirgin ƙasa na layin D in tafi makaranta in karanta waƙoƙin mutanen da suka daɗe da mutuwa, shi yana ɗaukar fasinja a tasi daga filin jirgin sama na JFK. Ana zaginsa a motar, ana jefa masa magana a ƙeya, yana haɗiyewa. Wata rana ya dawo ya wuce kicin ya naushi ƙofar firji. Lotsawar tana nan har muka bar gidan. Na manna mata hoton teku na rufe.

A lokacin sanyi na biyu da zuwana ya sayo tsohon babur na tafiya a kan dusar ƙanƙara. Ba shi da taya. A gaba akwai wasu dogayen takalma biyu masu ɗagaggen hanci, a baya kuma faffaɗan bel na roba mai haƙora, shi ke tura shi. Ba a yarda a hau shi a titin birni ba, sai ya ɗora shi a tirela ya tafi can arewa da gari ran Lahadi. Ranar farko ya dawo yana ɗingishi, cinyarsa ta yi baƙi ƙirin, wuyan hannunsa a kumbure, amma yana dariya. Rabona da jin wannan dariyar tun Kano.

"Alfadara ce," in ji shi. "Ta harbe ni, ta kayar da ni, na tashi ta sake kayar da ni. Wallahi sai na horar da ita."

Daga ranar sunanta ke nan. Firjinmu ma ya huta.

Alfadara tana kwana a garejin wani dattijo ɗan zangon Kumasi, wanda muke ce wa Baba. Shi ya sauki Yaya a ɗakinsa lokacin da ya iso garin bai san kowa ba. Hausar Baba ba ta raba mace da namiji. "Yarinya, ka zo ka riƙe fitila," haka yake ce mini, ni kuwa in zo in riƙe. Ina son garejin nan da rana tsaka, lokacin da haske ke shigowa ta fasasshen gilashin rufi ya kwanta a kan baƙin mai, ya fito da launuka kamar wuyan tattabara.

Su biyu suke kwanciya a ƙarƙashinta suna musu. Idan ta doki bayan Yaya a kan gargada, sai su sassauta sifirin ɗin baya. Idan ta yi laushi har tana dukan ƙasa da ciki, sai su ƙara masa ƙarfi. Abzoba ɗaya ta gaba tana yoyon mai, suka canza ta, noti ya ƙi kwancewa, Yaya ya yi ta narka masa guduma har tartsatsi na tashi.

"Ei, Bakano, a hankali! Noti ne, ba kishin garinku ya taɓa ba."

"Baba, ka bar ni da shi, shi ya fara."

Akwai wani abu a cikin ƙafar baya da Baba ke kira ɗamara. Igiya ce ta roba mai kauri, da huji-huji a jere kamar bel ɗin wando. Ya nuna mini ita da bakin sifana. In an ɗaure ta tamau, nauyi yana komawa kan takalman gaba, su ciji ƙasa, kan ya yi nauyi a hannu amma ta bi inda aka juya ta. Haka ake yi wa ƙasa mai tauri da santsi. In an sassauta, hancinta ya ɗaga, ta yi ta yawo a sama-sama kamar kwale-kwale, ba ta nutsewa. Haka ake yi wa mai laushi, wadda ta zubo sabuwa ta taru har gwiwa.

"Wato ta dusa ke nan," na ce.

Baba ya ajiye sifana ya dube ni, ya dubi Yaya. "Ku Kanawa, abu ya sauko daga sama fari fat, ku ce masa dusa? Tumaki ne ku? Ƙanƙara sunansa."

"Ƙanƙara ai ta firji ce, Baba."

"Na firji ais ne. Ka je makaranta ka karɓo kuɗinka."

Muka yi dariya, muka wuce wurin. A gidanmu dai mai laushin dusa ce, mai taurin da ke kayar da mutum a bakin titi kuma ƙanƙara.

Na daɗe ina roƙon Yaya ya ɗauke ni. Ina kwanciya in ga kaina muna keta farin fili babu ƙara, mayafina yana bina a baya. Kullum amsarsa ɗaya ce, sai ta horu. A watan Janairun da aka yi zubar dusar ƙanƙarar da ta tsayar da motocin gari, sai ya ce ta horu. Ba sai mun je arewa ba ma. Wani abokin Baba yana gadin wani katafaren fili a bakin kogi, can kudancin Bronx, inda ake ajiye tireloli, ya ce mu zo ran Asabar, babu kowa.

Ran Juma'a bayan masallaci Yaya ya biya ya duba filin. Rana ta narkar da saman, sanyi ya sake daskarar da shi, ya zama kamar faranti. Ya kira Baba daga mota, ina gefensa.

"Baba, na ga wurin. Ƙanƙara ce zalla, ko'ina. Ka saita mana ɗamarar, gobe da safe ina filin jirgi, ba zan samu zuwa da wuri ba. Kuma da ƙanwata zan hau."

"An gama. Zai ji kamar a kan katifa yake."

Kafin gari ya waye aka ɗan sake yayyafa sabuwa, siririya, ta rufe farantin nan. Da muka isa da hantsi filin fari ne tas, lumui, kogin yana hayaƙi a gefe. Baba ya riga mu zuwa, ya sauke Alfadara daga tirela, yana shan shayi da mai gadi. Yaya ya ɗaura mini hular kwano da kansa, ya ja igiyar har ta matse mini haɓa.

"Ki riƙe ni gam. In na kwanta dama, ki kwanta dama."

Ba shiru ba ne kamar yadda na yi mafarki. Ihu ne. Injin yana kururuwa a ƙarƙashina, iska tana marin fuskata, haƙorana suna haɗuwa. Amma da ya danna totur hancinta ya ɗaga, na ji mun rabu da ƙasa, tirelolin da ke jere suka narke suka zama zare ɗaya mai launi. Na buɗe baki ina dariya, sanyi ya cika shi.

A ƙarshen filin akwai katangar kankare, gajeriya, iya ƙugu. Nan za mu juya. Na ji kafaɗun Yaya sun karkata, na kwanta dama yadda ya ce. Ya murɗa kan. Na leƙa ta gefen hannunsa na ga takalman sun juya sarai, suna kallon kogi, amma Alfadara ba ta bi su ba. Tafiya take miƙe, kai tsaye, kamar ba da ita ake ba. Nauyina a baya ya ƙara ɗage su, shafar ƙasa kawai suke. Ya sake murɗawa har ƙarshe. Ya damƙe birki, bel ɗin ya tsaya cak, bayanta ya wulwulo gefe, duniya ta juya.

Ƙarar da na ji kamar an fasa tukunyar ƙarfe a cikin kaina. Na tashi sama. Na ga sararin sama, na ga kogi a inda sama take, sannan katangar ta zo. Kafaɗata ce ta fara isa, na ji abu ya ɓalle a ciki kamar ɗanyen kara. Fuskata ta biyo baya. Hular ta tsage, bakina ya daki gefen kankaren, na zame a kan ƙanƙara ina jin wani ɗan dutse yana yawo a kan harshena. Haƙorina ne.

Jini yana da kyau a kan fari. Abin da na fara tunani ke nan, Allah ya sani. Yana ɗiga, yana huda dusar, yana buɗewa kamar furen zoɓo.

Yaya ya rarrafo. Gilashin gaba ya yanke masa cinya, wandonsa ya jiƙe har gwiwa. Ya ɗago kaina, ya ga bakina, ya ga yadda hannuna ya kwanta ba daidai ba. Bai yi salati ba, bai kira sunana ba. Fuskarsa ta mutu. Na san wannan fuskar, ita kwandastan nan ya gani. Ya kwantar da ni a hankali, ya koma wurin Alfadara da ke kwance a gefenta bel ɗin a sama, ya cusa kai ya duba. Ɗamarar tana hujin ƙarshe, a sake gaba ɗaya. Ya fizge murfin akwatin kayan aiki ya zaro babbar sifana.

Baba yana tahowa da gudu irin na tsofaffi, yana zamewa, yana "Innalillahi, innalillahi." Yaya ya tare shi a tsakiyar fili. Ya cakumi wuyan rigarsa da hannu ɗaya, ya ja shi baya-baya ya maka shi da jikin wata tirela. Ƙarfen ya amsa. Hular Baba ta faɗi, furfurarsa ta bayyana.

"Me na ce maka? Me na ce maka jiya?"

"Sake ni, yaro..."

"Na ce maka ƙanƙara! Ka kwance ɗamara a kan ƙanƙara, da ƙanwata a baya? Kashe ta za ka yi?"

"Ƙanƙara ka ce, ƙanƙara na saita! Na sassauta don kar ya ji duka a bayansa!"

Sifanar ta tashi sama. A bakin ƙofa mai gadi yana tsaye da waya a kunne. Na ga komai a lokaci ɗaya: ankwa, jirgin da zai mayar da shi, ni kaɗai a ɗakin nan da firji mai hoton teku. Na yunƙura in yi ihu, jini ya cika mini maƙogwaro. Na tofar, na sake gwadawa.

"Yaya! Dusa ya ji! Ƙanƙararsa dusa ce! Tumaki, Yaya, ka tuna tumaki!"

Muryar ba tawa ba ce, ta fito ta cikin karyayyen haƙori tana feshi. Amma ta isa. Hannun ya tsaya a sama. Baba bai kare fuskarsa ba, ya zuba masa ido kawai, laɓɓansa suna motsi.

"Ais?" ya ce a hankali. "Ais kake nufi?"

Yaya ya yi wani irin gurnani da ban taɓa ji daga bakin mutum ba. Ya saki rigar. Ya juya ya nufi Alfadara yana jan ƙafa, ya sauke mata sifanar. Fitilar gaba ta tarwatse. Ya sake, murfin injin ya dare biyu. Ya doki kan, ya doki tankin mai, ya doki abzobar da suka canza da hannunsu har mai ya yi tsartuwa ya wanke masa fuska. Sifanar ta suɓuce ta yi tsalle a kan ƙanƙara, ya ci gaba da dunƙulallen hannu, yana naushin ƙarfe tsirara, fatar yatsunsa tana salewa. Babu wanda ya hana shi. Baba ya zo ya tsuguna a kaina, ya cire mayafin wuyansa ya danne mini baki da shi.

"Yi haƙuri, ɗiyana. Ka yi haƙuri. Kar ka duba can."

Motar asibiti mai gadi ya kira, amma 'yan sanda suka biyo ta. Ɗaya daga cikinsu ya zagaya babur ɗin, ya dubi hannun Yaya, sannan ya tsaya a gaban Baba. Rigar a yage take har ƙirji, ga jan shatin yatsu a wuyansa. Ya tambaye shi da Turanci ko wani ya taɓa shi. Ina kan gadon ɗaukar marasa lafiya, na daina numfashi. Yaya yana zaune a ƙasa, kansa a tsakanin gwiwoyi, bai ɗago ba.

Baba ya shafa wuyansa. Ya ce santsi ne ya kwashe shi yana gudu, yaron nan ya cafke shi kada ya faɗi. Ɗan sandan ya daɗe yana kallonsa, sannan ya wuce.

An ɗaure mini kafaɗa, an ɗinke leɓena. Yaya ya karya ƙasusuwa a bayan hannunsa na dama. Shi ya kira Inna da kansa daga asibiti, ya riƙe wayar da hagu, bai ɓoye komai ba.

"Na kama wuyan rigar dattijo, Inna. Na haɗa shi da ƙarfe."

"Ka dake shi?"

"A'a."

Sannan ta ce ya ba Baba wayar, shi kuma Yaya ya fita waje. Ban san abin da suka faɗa ba. Na dai ga Baba yana goge ido da bayan hannu yana cewa, "Ɗana ne, Hajiya, ɗana ne."

Alfadara ba ta sake tashi ba. Masu sayen tsohon ƙarfe suka kwashe ta. Baba ya cire ɗamarar kafin su zo, ya rataye ta a ƙusa kusa da ƙofar gareji, notin yana nan a hujin ƙarshe. Sai da aka cire wa Yaya filasta sannan ya iya komawa wurin. Na raka shi. Ya durƙusa a kan simintin nan mai baƙin mai, gwiwa biyu. Baba yana ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kaɗai muke gani. A waje an fara zubowa, manya-manya, a hankali.

"Bakano," muryarsa ta fito daga ƙasa, "wannan da yake saukowa, na tumaki ne ko na firji?"

"Na tumaki ne, Baba."

"To tashi ka miƙo mini sifana. Da hagu."