Ranar da Aka Auna Ni da Kara

Wata Asabar ce da hantsi, cikin kaka, shekara guda bayan an yanko mu daga Sakkwato an ce yanzu mu 'yan Kebbi ne. Ina tsugune a bayan gidanmu ina baza warangi a kan tabarma, 'yan mitsi-mitsin kifin nan da ake kamowa a tafki a shanya, sai Baba Nomau ya ce, "Uwar ɗakina, taso ki tsaya nan." Na tashi ina dariya, don na zaci tsokanar da ya saba yi mini ce. Sai ya zaro karan dawa daga jikin danga, dogo miƙaƙƙe, ya kafa gindinsa kusa da diddigena, ya jingina shi da bayana, ya dafa kaina, ya ƙara kamar taƙi ɗaya a sama, ya karya. Ƙas! Wannan ƙarar ce ta ɗauke mini dariya. Har yau da nake rubuta wannan, na gama sakandare na zama budurwa, in tela ya ɗora mini tef a kafaɗa sai in zabura.

Baba Nomau tsoho ne mai haƙa a ƙauyenmu na bakin ruwa, can kusa da Wara. Shi ke haƙa rijiya, shi ke haƙa masai, shi ne kuma ke haƙa kabari. Daminar da ta wuce ƙyanda ta ɗauke ƙanwata Rabi. Ran nan ina raɓe jikin rumbu na ga wata tsohuwa ta fito daga ɗakin da ake yi mata wanka, riƙe da kara ɗan gajere, ko taɓarya bai kai ba. Ta miƙa shi ta saman danga, hannun da ya karɓa kuwa hannun Baba Nomau ne. Na tambayi tsohuwar na mene ne, ta ce, "Awon makwancinta ne, matsa can." Ban taɓa ganin an auna wani da kara ba sai Rabi. Na biyu ni ce.

Rami aka kira shi ya haƙa a bayan gidanmu, kowa kuwa ya san an ce na Kawu Sani ne, ƙanen Inna. Kawu ya yi shekaru yana aikin rediyon oba-oba, wanda ake magana da na nesa ta cikinsa, a wani ofis a Kaduna, ya dawo gida da akwatunan ƙarfe masu ƙananan fitilu da wayoyi kamar saƙar gizo. Ba sana'a yake yi da su ba, ba kuma aikin gwamnati ba ne, sha'awa ce kawai, har lasisi ya yanka saboda ita. Ya ja waya daga mangwaron ƙofar gida zuwa gawon bayan ɗaki, in ya dawo masallaci da la'asar sai ya zauna yana murɗa wani abu, akwatin na huci kamar ruwa a kan garwashi, can sai ka ji muryar mutum ta ɓullo daga wata ƙasa. Ni ce mai kai masa shayi, kuma ba na fitowa sai an kore ni. Yakan ce muryoyin suna nan sama birjik suna wucewa, wayarsa ce ba ta kai ta kamo su ba. Shi ya sa ya ƙudura kafa hasumiyar ƙarfe wadda za ta fi giginya tsawo, ya ɗaura eriya a kanta. Abu mai tsawo haka, in ji shi, in gindinsa bai shiga ƙasa sosai ba, hadarin farko da zai taso daga tafki zai kwantar da shi a kan ɗakunanmu. Ya kafa turaku huɗu ya zagaya su da igiya, ya hau babur ya tafi Kwantagora neman rodi da siminti, ya bar Baba Nomau da diga da shebur.

Me ya hana ni tambaya? Babanmu ya tafi su, wato kamun kifi, can ƙasan tafki, sai bayan makonni yake leƙowa. Inna kuwa, ni ce 'yar farinta, ko sunana Kulu ba ta faɗa, "ke" ce da "'yar nan", ba ta zama hira da ni. Tun rasuwar Rabi kuma in aka ambaci mutuwa a gidan sai ta tashi ta shiga ɗaki. Mace ba ta zuwa maƙabarta a wurinmu, saboda haka ban san yadda kabari yake ba, ko dogo ne, ko mai zurfi ne, ko da ɗaki a ciki. Na gwada tambayar malaminmu na Islamiyya zurfin kabari, ya dube ni ta saman allo ya ce, "Ke da wa za ku haƙa?" Yara suka fashe da dariya, na haɗiye sauran tambayoyina.

Talatu kaɗai na gaya wa, ƙawata, 'yar maƙwabtanmu Kambari. Babanta na zuwa coci, kakarta kuwa tana kan addinin gargajiya. Muna ban ruwan albasa a gefen tafki, inda ruwa ya janye ya bar laka mai kyau, na faɗa mata. Ta ajiye ƙwarya ta ce, "Mu dai da tef ake auna namu, a yi akwati." Can kuma ta ce ta taɓa jin kakarta na cewa duk abin da zai yi tsawo ya kuma yi magana, sai an ba shi wani abu a gindinsa kafin ya tsaya. Da ta ga yadda fuskata ta koma sai ta yi sauri ta ce, "Ƙila kaza ce."

"Kaza ake aunawa da ni?" na ce.

Abin da ke ba ni mamaki yanzu shi ne tsoron bai kore ni daga ramin ba, sai ma ya ja ni. Kullum in an taso daga makaranta, ko ɗamarar littattafai ban kwance ba nake zagayawa baya in leƙa. Ashe ƙasa hawa-hawa ce. Ta sama baƙa ce mai saiwoyi da tururuwa, ƙarƙashinta ja mai laushi, daga nan sai marmara mai taurin da in diga ta sare ta har wuta take fitarwa. Baba Nomau yakan zuba mata ruwa da yamma ya bar ta ta kwana, da safe ta yi sauƙi. Yana saran bangon ya tsaya sak kamar an yanka da wuƙa, yana jefo ƙasa gefe guda don kada ta koma, in ya gaji ya zauna a gaɓa ya ɓare goro. Ƙarƙashin marmarar wata farar ƙasa ta fito mai sanyi da santsi, matan unguwa suka riƙa zuwa ɗiba don shafe ɗaki. Ni ma na so in ɗiba in gina 'yan tukwane, amma hannuna ya ƙi.

Karan nan yana jingine jikin gawo. Kowace yamma sai ya zura shi cikin ramin, ya duba, ya ɗaga murya da fara'a: "Uwar ɗakina, yau munka kai ga gwiwarki!" Bayan kwana biyu, "Yau ƙugu!" Ranar da ya ce ƙirji, sai da na dafa ƙirjina na ji ko yana nan. Ni da Talatu muka dinga bincike irin namu. In ya tafi sallah sai in kwanta a bakin ramin ta auna ni da faɗinsa, ta nan na shiga, ta can ma na shiga. Ta ce na cocinsu dogaye ne, wannan kuwa kusurwa huɗu daidai, saboda haka ba kabari ba ne. Har na fara jin sanyi a raina, sai ta ƙara da cewa, "Sai dai in a tsaye za a sa ki."

Tuwo ya daina wuce mini. Inna ta zaci zazzaɓi ne, ta jiƙa mini saiwa mai ɗaci na sha. Na ba Talatu duwatsun carafkena, farare sumul da na daɗe ina tsinta a gaɓa. Na daina faɗa da kowa, ina share tsakar gida tun ba a sa ni ba, in cika randuna, in yi daka har tafina ya yi kanta, don na ji an ce ana tambayar mutum aikinsa. Wata safiya Inna ta dube ni ta ce, "'Yar nan ta yi hankali kwanan nan," ta ƙara mini kifi a kan ɗumame. Wannan kifin ya fi komai tsorata ni. Na ce a raina ashe ita ma ta sani.

Ran Alhamis da sassafe a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida, Kawu ya diro, aka shiga sauke buhunan siminti da rodi da tsakuwa, ga birkila da leburori daga Wara. Baba Nomau ya zura karan, ya shige duka, ko kansa ba a gani. Ya ce, "Uwar ɗakina, yau kam kin nutse!" Ban gudu ba. Ban ma yi tunanin gudu ba, don ban taɓa jin wanda aka auna ya tsere ba. Na ƙi zuwa makaranta, na yi wanka, na sa kayan sallata, na sami Inna a murhu tana hura wuta, na durƙusa na ce, "Inna, ki yafe mini."

"Mi kika fasa?"

"Ba komai. An gama ramin."

"To sai mi?"

Nan bakina ya ɓalle. Na gaya mata kara, na gaya mata gwiwa da ƙugu da ƙirji, na gaya mata karan Rabi da na gani. Ta tsaya da itace a hannu tana kallona kamar ba ta taɓa ganina ba. Sai ta jefar da shi, ta fizgi mayafi, ta kama hannuna, ta ja ni har bayan gida, tsakiyar maza, inda ba ta taɓa taka ƙafa ba in da baƙi. Ta ce, "Baba, da kara ka auna mini ɗiya? Ɗiyata mai rai?" Ran nan na fara jin ta ce da ni ɗiyarta.

Kawu ya fara dariya. Ya ce, "Haba Yaya, ni na ce masa! Na tafi da tef ɗina, ya ce zurfin fa, na ce tsayin Kulu da ɗan ƙari." Da ya dubi fuskar Inna sai dariyar ta maƙale. Baba Nomau kuwa bai yi dariya ba. Ya zauna daɓas a kan tarin ƙasa, ya cire hula, ya daɗe yana juya ta. Can ya ce, "Wallahi hannuna ne ya saba. Ban tuna yarinyar na da ido ba." Ya kira ni, na ƙi matsawa. Daga inda yake ya ce kabari ba ya son zurfi irin wannan, ba a yin sa da faɗi haka, ba a kuma yin sa a bayan ɗaki kusa da akurkin kaji. Ya dafa ƙugunsa ya ce, "Na ƙanwarki ga nan ya tsaya. Ni na gyara mata shi, babu ko tsakuwa ɗaya ciki." Inna ta juya baya ta rufe fuska da mayafi.

Ban yarda ba. Manya sun iya lallashi, haka aka lallashi Rabi ta sha magani. Na ce ba inda za ni sai na ga abin da za a sa a ciki. Kawu ya ce a ƙyale ni. Na hau tarin ƙasa da kayan sallata na zauna. Na ga an ɗaɗɗaure rodi da waya kamar keji an zura shi ciki, an sa duwatsu a ƙarƙashi don kada ya taɓa ƙasa. Na ga an tsayar da ƙafafun ƙarfe uku, Kawu na ɗora wani katako mai ɗigon ruwa a jiki yana cewa a matsa nan, a ɗaga can. Na ga an kwaɓa siminti da yashi da tsakuwa a fili, leburori na ɗauka da kwanon sarki suna juyewa, birkila na zungura da gora don kada iska ta ɓuya a ciki. Tun ina ƙirgawa a jikina, gwiwa, ƙugu, ƙirji, har na manta na shiga tambayar Kawu me ya sa ƙafa uku ba huɗu ba. Inna na bakin danga, ta ce wai tsinkar zogale take yi, amma har rana ta karkata tana wurin.

La'asar sakaliya kankare ya zo daidai da ƙasa, birkila ya shafe samansa sumul. Baba Nomau ya zo ya tsuguna a gabana, duk jikinsa fari fat, ya ce, "To duba da kyau. Ko ɓera bai da wuri nan. Ba abin da za shi same ki, uwar ɗakina. Tashi ki ci tuwo, kin rame kamar zakaran bara." Na duba da kyau, na zagaya ta kowace kusurwa, sannan na ji wata irin yunwa ta kama ni.

Yanzu Kawu ya koma birni da akwatunansa, hasumiyar ta yi tsatsa, balbelu ke sauka a kanta, awaki na shan hantsi a kan kankaren. Baba Nomau ya riga mu gidan gaskiya. Na girma, abubuwan tsoro sun ƙaru, masu ce mini kada in damu ma sun ƙaru. Amma tun daga la'asar ɗin nan ba a sake ce mini "ba abin da zai same ki" na yarda har cikin raina ba.