Geron da Kaka Falmata Ta Binne

Kakata Falmata ba ta yi mana tatsuniyar Gizo. Ko ba ta iya ba ne, ko raina ta ta yi, ban sani ba. In an gama girbi a Toranke, an ci tuwon magariba, sai ta tara kara a ƙofar ɗakinta ta hura wuta, ta tura gujiya cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta. Babarbariya ce doguwa mai tsage har haɓa, kuma duk cikinmu ni ta fi tsokana.

"Matso nan, maigidana," in ji ta. "Miji ba gona, ba akuya, sai ci. Ga ta nan gare ku, amma wannan da ƙafata na taka ta."

Labarin kullum daga babban birnin Barno yake farawa, inda aka haife ta. Ta ce fadarsa da jan tubali aka gina, sarakunan nesa suna aiko da gaisuwa, mutanen birnin kuma sun ɗauka mulkinsu sai tashin duniya. Tana 'yar yarinya yaƙi ya ci birnin. Suka fito da abin da kai zai iya ɗauka, suka yi ta yin yamma har ƙasar Gaya. Abu ɗaya ta ce uwarta ta koya mata a hanya: a ƙasarsu ba a ɗora hatsi a sama kowa yana gani, rami ake haƙawa a binne shi.

Da ta auri kakana Jibo, Bakano mai son a san ya noma, sai ta haƙa raminta a bayan ɗaki. Gari ya ɗauka. Maƙwabcinsu Barau har leƙowa yake ta kan danga yana tambaya ko an yi wa geron salla kafin a rufe shi. Kunya ta kama kakana, ya cike ramin da hannunsa, ya gina rumbuna uku manya a bakin hanya, ya ce kada ya sake jin zancen.

"Na ce masa to," in ji Kaka, tana juya gujiya da tsinke. "To ai ba ta kashe kowa."

Ranar kasuwar Gaya, da ya tafi, ta kwance awakinta ta haƙa wani a ƙarƙashin turkensu. Ta shimfiɗa ƙaiƙayi, ta barbaɗa toka saboda gara, ta zuba zaɓaɓɓen geron iri, ta rufe, ta mayar da awaki suka tattake wurin.

A shekarar ne sarakuna biyu, na gabas da na yamma, suka sa zare, Toranke kuwa tana tsakiya. Mahayan wannan suka zo suka ce su ne masu tsaron gari, suka kwashe rabin rumbunan gari don dawakinsu. Bayan kwanaki mahayan wancan suka zo suka cinna wa sauran wuta, don kada abokan gaba su samu. Rumbunan kakana da ke bakin hanya su aka fara gani. Mutane suka rayu da ganye da 'ya'yan itace har bazara. Sai ga ruwan shuka ya sauka, ƙasa ta jiƙe, kowa ya ɗauki sungumi, amma ba ƙwaya ɗaya da za a jefa a rami. Wanda bai yi shuka a kwanakin nan ba, shi da iyalinsa sai gudun yunwa.



Ta ce da ta kwance awakin ba ta da tabbacin abin da za ta tarar, domin ƙasar nan ta fi ta Barno danshi. Ta tone ramin a gaban kakana. Geron da ke sama ya fito baƙi, ya yi funfuna, har ta fara salati. Ta zura hannu har kafaɗa, sai ta ji ƙwaya busasshiya tana zubowa ta tsakanin yatsunta. Ta zauna a bakin ramin ta raba wa gari ƙoƙo-ƙoƙo, gida-gida. Barau ya zo a ƙarshe, kansa a sunkuye.

"Me kika ce masa, Kaka?" Kullum sai mun tambaya.

"Na ce, Malam Barau, ga mamacin ya tashi, miƙo ƙoƙonka."

Mu fashe da dariya, ita kuma ta raba mana gujiya. Ina son matar nan ƙwarai, har yau ban ga mai kaifin hankalinta ba. Sai dai ni dariyar kawai na riƙe.

Na girma, ta rasu, na gaji gonar. Na gina rumbuna kamar na kakana, ina cewa zamanin tsoro ya wuce, ƙasa ta zauna. Sai basasa ta tashi, 'ya'yan sarauta suka raba ƙasa biyu, kowane ɓangare na neman abincin rundunarsa. Abin da ya sami kakana shi ya same ni, ba ragi. Ruwan shuka ya sauka, ina da mata da 'ya'ya huɗu, ba ni da iri ko cikin tafi.

Na rasa inda zan nufa, na shiga gidan Barau. Shi ya daɗe da rasuwa, ɗansa Audu ne maigida, ya tsufa. Bai bari na gama magana ba ya sa aka kwance awakinsu.

"Tun shekarar nan ba mu fasa ba," ya ce, yana cika mini ƙwarya. "Mu da muka yi mata dariya mun koya. Kai da ka zauna a gabanta, tatsuniya ka ji."

Na karɓa da hannu biyu, hawaye na zuba, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Yanzu fatake suna kawo labarin cewa sabon birnin Barno ma ya faɗi, kuma Nasara iri biyu, waɗansu ta kudu, waɗansu ta arewa, suna rige-rigen ƙasashen da ba su taɓa kai musu fartanya ba. A kasuwa ana gardamar wanda zai fi ƙarfi. Ni ba na sa baki. Bana rami biyu na haƙa, na kuma nuna wa kowane ɗana wurinsu. Ko wa ya ci ƙasar, in ruwa ya sauka ba shi 'ya'yana za su kalla ba, ni za su kalla.