Sandar da Inna ta soke a rufin ɗaki

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifiyarmu, Inna, a Kebbe. Na yarda kwana ne ya ƙare, amma har yau in na tuna yadda ya ƙare, raina ɓaci yake yi.

Cinyarta ta dama ce ta fara ciwo. Da safe ƙafar ta sage, sai ta dafa bango kafin ta miƙe daga alwala. Nan take kowa a gari ya zama likita. Wanzami ya yi ta kafa mata ƙaho har cinyar ta cika da tabo, yana nuna mata baƙin jini wai cutar ce ke fita.

A asibitin Tambuwal likita ya ce cinyar ba ta da laifi. Guringuntsin gaɓar ƙugu ne ya cinye, ƙashi na gugar ƙashi, zafin ke saukowa. Ya ce ta bar zama a kujera 'yar tsugunno, ta riƙa gasawa da ruwan ɗumi, ta riƙe sanda a hagu don rage wa ƙugun nauyi. Na sayo mata mai roba a gindi.

Sau ɗaya ta fita da ita, zuwa gidan suna. Taubasanta suka sa shewa, wai Inna ta tsufa, a nemo mata ɗan jagora. Wasa ne, in ji su. Tana dawowa ta soke sandar a rufin ɗaki.

"Ba ni riƙa ta," ta ce da ni. "Ni ka zama abin dariya cikin gari?"

Sai ta koma wa mai tallar magani na ran kasuwa. Ƙwayoyi ne ƙulle a leda, ba suna, tana haɗiya tun kafin ta karya, ta miƙe ba sanda. Masu shewar suka koma yabo, wai Inna akwai dauriya! Ƙwayoyin nan suka cinye mata ciki. Da aman jini ta cika, a hanyar asibiti.

Da za ta dawo yau, za ta tarar mai magani ya ɗaura lasifika a babur, ciniki sai gaba. Abin da zai fi ƙona mata rai shi ne ƙanwarta, Inna Hajo, da na gani da damina tana ɗingishi, da irin ƙullin nan a haɓar zane.

Na je na zaro sandar daga rufin ɗakin, robarta sabuwa fil, na miƙa mata.

"Mi mutane za su cewa?" in ji ta.

"Inna Hajo, sun ce yayarki akwai dauriya. Sun ci gumbar sadakarta, sun koma gida da ƙafafunsu."

Ta karɓa. Na rako ta ta tsakiyar kasuwa ina hararar kowa, ina jiran mai dariya.

Mutane dauriyar Inna suke tunawa. Ni ba na son jin kalmar. Abin da ya rage mini nata sandar nan ce, kuma jiya a wurin Inna Hajo na duba gindin sandar, robar ta fara cinyewa.