Jan Fenti a Bayan Layin Dogo

A gidansu Auta ake ce mata, ko da yake ta haura arba'in, har furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwali. A cibiyar nazarin zamantakewa inda take aiki, Dokta ce. Mutanen unguwar bayan layin dogo kuwa, waɗanda ta yi shekaru tana shiga da fita a cikinsu, Mai Tambaya suka laƙaba mata, sunan kuma ya bi ta.

Tun tana ƙarama haka take. Mahaifinta direban babbar mota ne. In ya dawo daga tafiya sauran yara tsaraba suke jira, ita kuwa sai ta tsare shi da tambaya: me ya sa mutanen can suke gini a bakin rafi, wa yake raba musu faɗa in sun saɓa. Bai yi tsawon ran ganin ta gama karatu ba. Inna ce ta gani, kuma har yau ba ta gamsu ba. In maƙwabta suka zo da ciwon baya suna neman Dokta, sai ta ce, "Ku yi haƙuri, tamu ba ta allura ba ce, ta surutu ce."

Ofishinta ɗan ɗaki ne a ƙarshen baranda, taga ɗaya, fanka mai kuka, da kujerar baƙi wadda littattafai suka daɗe da ƙwacewa. Aikin na kwantiragi ne, duk shekara sai Darakta ya sa hannu a sabunta. Saboda haka ta koyi taka-tsantsan: ta yi dariya inda ake dariya, ta haɗiye magana inda ake haɗiyewa. Mijinta malamin sakandare ne, 'ya'yansu biyu, ga Inna a ɗakin baya.

Abin da ya kai ta bayan layin dogo ambaliya ce. Duk damina ruwa yakan cika babbar magudanar da ta ratsa unguwar ya shiga gidaje. Ta so ta san yadda mutane suke rayuwa da shi, da abin da ya hana su tashi. Da fari ba wanda ya kula ta, sun ɗauka 'yar leƙen asirin masu haraji ce. Wani dattijo mai walda, wanda shagonsa yake bakin gadar katako, shi ne ya fara ba ta benci. Daga baya ya riƙa zagayawa da ita gida-gida yana cewa, "Wannan 'yata ce, ku gaya mata gaskiya." Ita ma Baba take ce masa. Ta zauna a ɗakunan da aka ɗora gado a kan bulo, ta ga zanen ruwa a bango daidai ƙugu, ta ga uwa tana rataye takardun makarantar yara a leda can kusa da rufi.

Amsar da ta samu ɗaya ce kusan ko'ina. Za su tashi, in an ba su wuri kusa da kasuwa da tasha inda suke neman abinci, kuma wurin ya zama nasu ne da ba za a sake korarsu ba. In babu wannan, gara ruwan da suka sani. Haka ta rubuta, ta miƙa wa Darakta rahoton, ta koma kan wani aikin.

Wata safiya tana ɗaura wa ƙaramar 'yarta takalmi, rediyo yana ta yi a kan firji, sai ta ji sunan cibiyarsu. Mai karanta labarai ya ce wani bincike ya tabbatar mafi yawan mazauna bayan layin dogo a shirye suke su tashi, don haka hukumar tsara gari ta fara shafa wa gidajen da za a rushe alama. Daga nan ya wuce labarin ƙwallo.

Igiyar takalmin ta kuɓuce mata. Mijinta ya dube ta ya ce, "Ba naki ba ne wannan?"

"Rabinsa nawa ne," in ji ta.

Wayarta ta fara ruri. Lambobin mutanen unguwar ne, ɗaya na katsewa ɗaya na shigowa. Ba ta ɗauka ba, don ba ta san me za ta ce ba. Ta bar wa mijin kai yara makaranta, ta nufi cibiya.

Darakta farfesa ne mai sanyin murya, wanda bai taɓa ɗaga wa kowa harshe ba, bai kuma taɓa sauya magana don wani ya roƙe shi ba. Ya ce ta zauna. Ya bayyana mata cewa an yi taro da hukumar, an nemi taƙaitaccen bayani na shafi ɗaya, shi kuma ya taƙaita.

"Ranka ya daɗe, sharaɗin fa? Sun ce in an ba su wuri. Shi ne dukan maganar."

"Yana cikin cikakken rahoto. Duk mai so ya karanta."

"Masu fenti ba za su karanta ba."

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Dokta, mu masu bincike ne. Abin da hukuma za ta yi da bincike ba huruminmu ba ne. Kada ki je unguwar nan yau, rai a ɓace yake. Kada kuma ki yi magana da 'yan jarida da sunan cibiya. Ki bari ƙura ta lafa." Ya mayar da tabarau, ya ƙara da cewa, kamar wanda ya tuna wani abu daban, "Wata mai zuwa ne za mu duba kwantiragi, ko?"

Ta koma ofis ta rufe ƙofa. Ta zauna, ta tashi, ta sake zama. Ta tuna magungunan Inna, ta tuna mijinta da albashinsa da ba ya kai ƙarshen wata. Wayar ta sake ruri, wannan karon Mai Walda ne. Ta zuba wa sunan ido har ta katse. Sannan ta ɗauki jakarta ta fita ta matakalar baya.

Tun daga mashigar layin dogo ta fara ganin alamar: jan fenti, an gicciya shi a bango, wani wurin har ya zubo kamar jini. Yaran da suka saba rugowa su karɓi jakarta suna tsaye a bakin ƙofofi. Mai kayan miya da takan tsaya su yi raha ta sunkuyar da kai tana jera tumatir da ta riga ta jera. Kafin Dokta ta kai gadar katako, mutane sun biyo bayanta, ba mai magana, sai ƙarar takalma.

Mai Walda yana zaune a ƙofar shago, injinsa a kashe. Shi ma an shafa wa shagonsa fentin. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa a taƙaice, bai nuna mata benci ba.

Wata mata mai wankau, wadda gidanta yake daf da magudana, ta ratso taron hannunta da sauran kumfa. "Ke Mai Tambaya, a ɗakina kika zauna. Na ba ki ruwa kika sha. Yaushe na ce miki a rushe mini gida?"

"Ba ki ce ba, Yaya."

"To wa ya ce?"

Wani daga baya ya ce an saye ta ne. Wani ya ce dama tun farko shi bai yarda da ita ba. Da'irar ta ƙara matsowa, har tana jin numfashin mutane a wuyanta. Ta dafa ƙarfen wata taga da aka jingine. Ta ɗaga murya iyakar ƙarfinta, ta faɗa musu abin da ta rubuta, kalma bayan kalma, da inda aka datse shi. Ta ce rahoton yana jakarta, duk wanda ya iya karatu ya zo ya duba.

"Takarda," in ji mai wankau. "Katafila takarda take karantawa?"

Sai a lokacin Mai Walda ya miƙe. Ya ɗaga hannu, hayaniyar ta ragu. Ya ce, "Ni na kai ki gidajen mutanen nan. Da bakina na ce ke 'yata ce. Yau tun asuba ake zuwa ana tambaya ta, ba ni da amsa." Ya dube ta. "Mu ba a takarda muka ji ba, a rediyo muka ji. In abin da kika faɗa gaskiya ne, inda aka ɓata can za ki je ki gyara. Za ki iya?"

Ta san abin da amsar za ta jawo mata. Ta ce, "Zan je, Baba. Amma ba ni kaɗai ba. A ba ni mutum biyu su faɗa da bakinsu."

Mai wankau ta goge hannu a zani ta ce ita za ta je, ba don ta yarda da ita ba, sai don ta ji da kunnenta.

Su uku suka tafi, da ita da Mai Walda da mai wankau. A gidan rediyon aka ajiye su a benci a baranda, rana ta karkata suna nan. Editan labarai ya ce labari ya riga ya wuce. Wata mai gabatar da shirin yamma na kiran waya ce ta ji gardamar, ta leƙo, ta ce baƙon da ta gayyata bai zo ba, su shigo. Da aka kunna jar fitilar ɗakin, mai shirin ta tambaye ta da sunan wa take magana. Dokta ta ce da sunan kanta, ita ce ta yi binciken. Ta karanta jimlar cikakkiya, ta maimaita. Mai wankau kuwa da ta karɓi makirfo sai da aka roƙe ta ta saki. Waya ta yi ta shigowa har lokacin shirin ya ƙare.

Da ta isa gida Inna tana zaune da rediyo a cinya. Ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Kin ci abinci kuwa?" Mijinta ya karɓi jakar ya ajiye, ya ja mata kujera.

Washegari Darakta bai kira ta ba, bai kuma amsa gaisuwarta a baranda ba. Da lokacin kwantiragi ya zo, aka sabunta mata na rabin shekara, aka cire ta daga aikin ambaliya aka ba wani. Da rabin shekarar ya cika ba a sake ba. Yanzu tana koyarwa a wata kwaleji a gefen gari, aji cike da ɗalibai, ba ofis, sai teburi a ɗakin malamai. Tana rubuta littafi a kan unguwar, a hankali, ranakun da ba ta da darasi.

Hukumar ta dakatar da rusau, ta kafa kwamiti, aka sa Mai Walda a ciki. Yawancin gidajen suna nan, fentin ya koɗe. Amma layin da yake daf da magudana an rushe shi kafin damina, aka ba mutanensa filaye can bayan gari, inda mota ba ta zuwa sosai. Gidan mai wankau yana cikinsu. Ta rasa masu kawo mata wanki, ta koma sayar da gawayi a bakin kasuwa.

Dokta takan gan ta in ta je cefane. Takan tsaya ta ce, "Yaya, ina wuni." Wata rana matar takan amsa, har ta tambayi yara. Wata rana kuma sai ta ci gaba da ƙulla gawayinta a leda kamar ba ta ji ba.