Daminar da Kanwa Ta Yanke

Yayata ta haihu a ɗakin Inna ana tsakiyar noman farko. Haihuwar fari ce, don haka tun cikin bai tsufa sosai ba aka kawo ta daga Randagi, inda take aure, zuwa gidanmu na cikin birni, kusa da ƙofar da fatake ke shigowa. Namiji ta haifa. Ni a lokacin ban yi aure ba. Na sauke Alƙur'ani, ina ɗaukar karatun littattafai wurin Baba da hantsi, sauran yinin kuwa ina ta ƙulla baitoci a raina waɗanda ba na rera wa kowa.

Gwaggo, yayar Baba, ita ta karɓi jegon. Ta tattaro 'yan kayanta ta tare a gidanmu, ta ce Inna tana da sanyin hannu, ba za ta iya gasa mai jego yadda ya kamata ba. Matan Gwari suka yi ta shigo mana da itace a kafaɗa har ya kai tsayin danga. Safe da yamma ake tafasa ruwa a babbar tukunya, Gwaggo ta tsoma ganyen runhu ta dinga fyaɗa wa Yaya, tururi na tashi ta saman zana. In an gama, a kwantar da ita a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Abin da ake gudu shi ne sanyi. Kowa ya san in sanyi ya shiga jikin mai jego, ba ya fita.

Ni aikina kunun kanwa. In surfa gero, in niƙa shi da citta da masoro da kimba, in jiƙa kanwa ungurnu in tace ruwan. Ina son aikin. Ina son yadda farin ƙullu ke juyewa ya yi ruwan ɗorawa da zarar kanwa ta taɓa shi, kamar sararin yamma bayan an ɗauke ruwa. Sai in tsaya kallo har Gwaggo ta daka mini tsawa. Takan ɗebo a ludayi ta kurɓa, ta yamutsa fuska.

“Malama, wannan kunu ne ko ruwan wankin allo? Ƙara kanwa.”

“Gwaggo, har ta fara ɗaci.”

“Ɗacin ake nema. Shi ke wanke ciki, shi ke kawo nono. Ki bar mini karatun jego, ni ban taɓa ki a naki ba.”

Yaya ta sha, ƙwarya guda da safe, ƙwarya guda da la'asar, ga ƙauri mai yaji da gishiri da ake dafa mata na ƙafafun sa.

Bayan suna fuskarta ta ciko. Matan da ke zuwa barka suka yi ta yaba Gwaggo, suna cewa ai ga jego nan, yarinya ta yi ɓul-ɓul kamar ba ita ta haihu ba. Ni ma na ɗauka ƙiba ce. Amma munduwarta ta soma cin hannunta, sai da muka shafa man kaɗe muka murɗe ta da ƙyar. Wata rana ina matsa mata ƙafa, na danna ɗan yatsa a ƙwaurinta, sai wurin ya lotsa kamar malmalar tuwo, ya ƙi tasowa. Na zauna ina kallon ramin. Ƙiba ba ta yin haka, na san wannan, amma ban san abin da ke yin haka ba.

Sai numfashi. Ta daina iya kwanciya. Da ta miƙe a gadon sai ta zabura ta zauna, ta jingina da bango, baki buɗe, tana tari mara kauri. Daga ƙofar ɗaki zuwa makewayi sai ta tsaya ta dafa turmi. Wata la'asar ta kamo hannuna ta ɗora a ƙirjinta.

“Auta, ji nan.”

Abin da na ji kamar kurciyar da aka damƙe a tafin hannu. Yana fizga, yana sauri, ya yi shiru kaɗan, ya sake kwasa. Na cire hannuna.

Na tambayi Baba bayan karatu. Ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce littattafan da ke wurinsa sun yi dogon bayani a kan zuciya, a kan tsatsarta da hasadarta da yadda ake wanke ta, amma zuciyar da ke gudu a ƙirjin mai jego bai ci karo da ita ba. Ya yi rubutu, na wanke aka ba ta. Gwaggo kuwa ba ta yi wata-wata ba. Ta ce kumburi sanyi ne, haki sanyi ne, sanyi ya sami kafa ya shiga, maganinsa a ƙara wuta a ƙara kanwa. Aka ƙara. Kullum ƙafar na hawa, kullum kanwar na ƙaruwa, ni kuma na rasa wanne ke bin wani.

Ana haka marka ta sauka. Ruwa ya yi ta zuba ba dare ba rana, kogin Mariga ya cika ya batse, ayarin fataken da ke kawo kanwa da gishiri ya maƙale a ƙetare. Kanwa ta yanke a kasuwa. Gwaggo ta rufa tsumma a ka ta bi gida-gida tana roƙo, ta samo 'yan gutsattsari, su ma suka ƙare. Gishirinmu ya ƙare. Itacen ya jiƙe, wutar gadon ta zama hayaƙi zalla, aka daina hura ta. Sai kunun tsamiya nake dama wa Yaya, da tuwon dawa da miyar kuka lami, daddawa kaɗai ke riƙe da ita, wani lokaci dafaffen rama ko zogale da ƙuli. Cikin kwanakin nan ne kuma Bafillatanar da ke kawo mana nono ta ga ƙafar Yaya, ta girgiza kai, washegari ta zo da wani sassaƙe daga daji ta ce a jiƙa a sha. Aka jiƙa.

Gwaggo ta kasa zaune ta kasa tsaye. Tana kewaya tsakar gida cikin taɓo tana cewa an kashe mata 'ya, an bar ta tsirara gaban sanyi.

Amma Yaya ta fara fitsari. Ni ke fitar da kaskon, na san yawansa. Fatar ƙafarta ta saki ta yi tamoji-tamoji, idon sawu ya fito. Wata safiya na shiga da kunu na tarar da ita kwance, miƙe sosai, tana barci, hannu ɗaya a ƙarƙashin kunci kamar yadda take yi tun muna yara. Na tsaya a bakin ƙofa da ƙwarya a hannu har kunun ya huce.

Inna ta ce rubutun Malam ne Allah ya sa wa albarka. Bafillatana ta ce sassaƙenta bai taɓa ba ta kunya ba. Gwaggo ta ce kanwar da aka sha a baya ce sai yanzu ta gama aikinta, ta koro ruwan. Kowa na da gaskiya a kunnena yayin da yake magana. Ni dai abin da ke yi mini yawo a kai shi ne tukunyar jiƙon kanwar da ke kife a bayan murhu. Sai in ce wa kaina, to ai wutar gadon ma an daina, wankan ma ya rage zafi. Abubuwa da yawa sun sauya lokaci guda, kamar zaren da aka tsinka wuri-wuri, ban san ta inda saƙar ta warware ba.

Sai jaririn ya fara kuka. Ya kama mama ya saki, ya kama ya saki, ya sandare. Ko nonon ne ya ragu, ko ciwon ciki ne irin na jarirai, ban sani ba. Yaya ba ta iya tambaya. Ɗan fari ne, kunya ba ta barin ta ta kalle shi gaban mutane, balle ta ambaci sunansa. In an miƙa mata shi sai ta kau da kai ta ba shi mama kamar an tilasta ta. Amma ni da ke kwana kusa da ita na ga yadda kafaɗarta ke motsawa duk sanda ya tsanyara.

Da ruwa ya ja baya ayari ya shigo. Muna jin kukan jakuna Gwaggo ta yafa gyale ta fita, ta dawo da dunƙulen kanwa a faifai tana murmushi kamar wadda aka yi wa albishir. Na tsuguna gabanta.

“Gwaggo, da za a ɗan dakata. Tun da ta yanke na ga ƙafar Yaya ta sauka.”

“Iye? Tun da ta yanke kuma na ga ɗan mutane na neman mutuwa da yunwa. Wannan ba ki gani ba?”

“Na gani.”

“Uwarki da kanwa aka yi mata jegonki. Ni da kanwa. Kakarki ta haihu goma, da kanwa. Wacce ta kumbura? To a wane littafin kika karanto?”

Ba a littafi ba ne. Na dubi Inna. Inna ta sunkuyar da kai tana tsince dawa, don ba ta musu da yayar miji, kuma magana ce ta 'yarta ta fari, ita ma kunyar ta ɗaure ta.

Da na shiga ɗaki Yaya na zaune, ta ji komai. Ta yi ƙasa da murya.

“Auta, ki bar Gwaggo ta yi abinta.”

“Yaya, ƙafarki fa? Numfashinki?”

“Ƙafa ba ta kuka.” Idonta na kan bango. “Kina jin yaron mutanen nan. Ni ba na iya ji.”

Daga ranar Gwaggo ta karɓe ludayin, ta ce hannuna ya yi tsoro, ni aka bar mini goyo. Aka sake hura gadon. Yaya ta dinga shanye ƙwaryar har ta kife ta. Abin da ya ƙara rikita ni shi ne yaron ya yi shiru. Ya koma tsotso yana lumshe ido, ya yi kumatu. Gwaggo ta ɗaga shi sama tana yi masa kirari, tana kallona ta wutsiyar ido. Ƙafar Yaya kuwa ta soma hawa a hankali, ta koma barcin zaune. Ina goye da shi, ɗuminsa a bayana, ina kallon uwarsa tana haki, na kasa sanin abin da zan roƙa.

Aka yi arba'in. Aka yi mata kitso da lalle, lallen ya zauna a kan kumburarriyar ƙafa yana ƙyalli. Aka ɗora ta a jaki da gararta, alkaki da nakiya da buhun gero, da ragowar kanwar a ƙulle, Gwaggo ta ce ta ci gaba da sha saboda nono. Dangin mijinta da suka zo ɗaukarta suka yi ta godiya, suna cewa an dawo musu da ita ta fi yadda suka kawo ta. A bakin ƙofar gari ta waiwayo za ta yi mini magana, tari ya sarƙe ta, ta ɗaga hannu kawai. Hanya ta shige da su cikin daji.

Ana yankan gero ɗan aike ya zo da labarin rasuwar Yaya.

A zaman makoki mata sun cika tsakar gida. Gwaggo na gefe guda, ta rame cikin kwana kaɗan, ba ta kula kowa. Da la'asar, da mutane suka ragu, ta yafito ni. Na zaci faɗa za ta yi. Sai ta kama hannuna da nata biyu, hannun da ruwan zafi ya gama ƙonawa saboda Yaya.

“Kwanakin markar nan ne,” in ji ta. “Kwanakin da na rasa kanwa. Nan sanyin ya shige ta. Da na bi har ƙauyukan Kuyello da ƙafa, da na samo.” Hawaye na bin tsagar fuskarta. “Da na adana tun da bazara. Ni na yi sakaci.”

Na buɗe baki in ce mata a kwanakin nan ne kaɗai na ga Yaya ta yi barci a kwance. Sai na tuna kukan yaron, na tuna sassaƙen, na tuna kakata da 'ya'yanta goma. Abin da ta gani shi na gani, rana ɗaya, ɗaki ɗaya.

“Ke da kika yi karatu,” ta ce, tana girgiza hannuna, “faɗa mini. Ba haka ba ne?”

Na ce, “Kwananta ne ya ƙare, Gwaggo.”

Ta gyaɗa kai, amma ba ta saki hannuna ba, tana jiran sauran maganar. Ni kuma ba ni da saura.