Kaka ta ce in yi wa masu shago ta'aziyya

Tun safe nake danna wayar Yaya Falmata, shagon intanet ɗin ya ƙi buɗewa. Wai sun rufe, suna jera sababbin kaya.

'Yar na'urar da Kaka take jin waƙoƙin Ngizim da ita ce ta faɗa randa. Tun rasuwar kakanmu ita ce abokiyar hirarta a garinsu, Mamudo. Da ta zo mana ziyara, na yi alkawarin yi mata odar sabuwa kafin ta koma gida yau.

"Har yanzu, ƙawata?"

"Sun rufe shagon, Kaka."

Ta ajiye carbinta. "Da rana tsaka, ba Juma'a ba? Rasuwa aka yi musu. Rubuta ki ce Allah ya ba su haƙuri. Kada ki dame su da zancen rediyona."

Yaya ta fashe da dariya. Ni na kasa, don na tuna kwana ukun da shagon kakanmu ya yi rufe da kwaɗo bayan rasuwarsa.

Da la'asar Kaka ta hau mota, matacciyar na'urar ƙulle a bakin zanenta.

Ku da tsofaffinku ke zaune su kaɗai, da me kuke ɗebe musu kewa?