Hannun da Ya Taɓa Fankar Malam Ubaidullahi

Mainasara mai wayar mota ba ya yarda da abin da bai gwada da hannunsa ba. Ko sabon fiyus aka kawo masa cikin kwalinsa, sai ya ɗaga shi sama ya leƙa, ya ɗora masa fitilar gwaji, sannan ya saka. Rumfarsa tana bayan tashar Bodinga, kwano huɗu ne a kan itace, da benci ɗaya, da akwatin ƙarfe mai kwaɗo biyu. Ɗan Sifawa ne, gidan manoma, kuma har yau idan damina ta kankama yakan rufe rumfar kwana uku a mako ya tafi gonar gero. A Sakkwato ya koyo sana'ar, shekara tara a wani gareji.

Tsofaffin direbobi sun ce a da ba haka yake ba. Wata bas da ya yi wa aikin fitila ce ta kama wuta a hanyar Yabo, yau shekara goma sha biyar. Babu wanda ya ji rauni, ba a kuma taɓa gano dalili ba, amma sunansa ya daɗe a bakin mutane. Tun daga nan ya daina barin kowa ya riƙe masa ko filaya, kuma duk motar da ta bar rumfarsa sai ya bi ta da ido har ta sha kwana.

Da bazarar bana aka kawo masa motar Malam Ubaidullahi, wani dattijon malami mai makaranta a Shagari. Ashiru, mijin 'yar Malam, shi ne mai tuƙa ta. Ya ce kwana biyu ke nan tana tafasa a hanyar Horo Birni, inda Malam yake zuwa karatu duk Laraba. Mainasara ya buɗe bonet ya ga tsohuwar fankar lagireto ta ƙone, ko motsi ba ta yi.

Yini guda ya yi a kan aikin. Ya ɗaura sabuwar fanka a bayan lagireto, ya jawo waya mai kauri daga batir, ya bi da ita ta fiyus zuwa rile, wato ɗan baƙin akwatin nan mai ƙafa huɗu da ke ɗaukar nauyin wutar. Daga rile ya fitar da wata mai kaurin zuwa fankar. Siraran wayoyi biyu kuma, ɗaya ta zo daga makullin mota, ɗaya ta tafi makunnin zafi da ke jikin lagireto. Ya bar injin yana aiki har ruwa ya ɗau zafi, rile ya ce ƙas, fanka ta tashi. Da ruwan ya huce ta tsaya da kanta. Sau uku ya gwada kafin ya miƙa wa Ashiru makulli, ya kuma gargaɗe shi kada ya bari kowa ya sa hannu a wurin.

Bayan kwana tara aka jawo motar da igiya a bayan wata a-kori-kura ta albasa. Ashiru ya sauko fuska a ɗaure. Ya ce hayaƙi ne ya turnuƙo daga ƙarƙashin sitiyari, Malam yana ciki, Allah ne ya tsare. Ya faɗi haka da ƙarfi, yadda direbobin da ke shan shayi a gefe za su ji.

Mainasara ya duƙa ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Fiyus ɗinsa yana nan lafiya, rile yana nan lafiya, amma an zare wayoyin ƙafarsa biyu. Wani ya haɗa siririyar wayar makulli kai tsaye da wayar fanka, ya murɗe su, ya naɗe da guntun leda. Wutar fanka duka ta bi ta siririyar waya, ita kuwa ta narke tun daga injin har gindin makulli.

Ya miƙe ya dubi Ashiru. "Wa ka kai ma motar ga bayan ni?"

Ashiru ya rantse babu kowa. Ya ce daga gida sai makaranta sai Horo Birni, kuma kullum a ƙofar gidan Malam take kwana. Mainasara ya lura da ɓawon albasa a but ɗin motar, sai ya fara zargin ko Ashiru yana ɗaukar lodi da motar a ɓoye, ta yi zafi, ya nemi wanda zai yi masa dabara. A Shagari kuwa mai wayar mota ɗaya ne, Maniru, wanda suka yi gareji ɗaya a Sakkwato, suka rabu ba da daɗi ba saboda wata mitar gwaji da ta ɓata.

Da ya koma gida ya kasa cin tuwo. Matarsa Juwairiyya ta ce masa ya gyara motar ya bar maganar, tunda ba a rasa rai ba. Ya ce mata idan ya yi shiru, gobe duk tashar za ta ce shi ne ya so ƙone malami.

Washegari da hantsi ya sa narkakkiyar wayar a aljihu ya hau mota zuwa Shagari. Ya sami Maniru a ƙarƙashin darbejiya yana gyaran hon ɗin wata Keke Napep. Ko gaisuwar kirki ba su gama ba ya ajiye masa wayar a kan benci, ya tambaye shi ko ya san wannan aikin. Maniru ya juya ta, ya juya, ya ce shi bai taɓa naɗe waya da leda ba tun yana koyo, kuma rabonsa da motar Malam tun bara. Sannan ya ce, cikin sanyin murya, ashe har yanzu Mainasara bai daina ganinsa ɓarawo ba. Mutane sun fara taruwa, sai Mainasara ya ɗauki wayarsa ya wuce. Bai gamsu ba, amma ya san murɗin ba na mai sana'a ba ne.

Ya nufi gidan Malam, da niyyar ya yi jaje, ya kuma ga inda motar take kwana. Ya tarar da dattijon a zaure a kan buzu, littattafai a gefensa. Ya durƙusa ya gaishe shi, suka daɗe suna gaisawa. Malam ya amsa da fara'a kaɗan, yana kallonsa ta saman tabarau kamar yana auna shi. A nan Mainasara ya hango wata tsohuwar filaya mai jan hannu a bayan tawada da alƙaluma, ya kuma ga ɗan sabon yanka a babban yatsan Malam.

Ya daɗe yana juya maganar a ransa. Wannan mutum ya haifi kamarsa, kuma rabin garin ɗalibansa ne. Daga ƙarshe ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah shi gafarta Malam, ko akwai abin da Malam ya gani ga fankar nan da bai kwanta mai ba?"

Malam ya cire tabarau. Ya ce kafin ya zauna karatu ya yi shekara shida yana tuƙa babbar mota zuwa Kwantagora, kuma a saninsa fanka tana juyawa ne muddin inji yana aiki. Ran da aka dawo da motarsa ya sa Ashiru ya tayar da ita, ya leƙa, ya ga fanka tsaye cik. Ya sake dubawa da safe, haka. Sai ya ɗauka an saka masa matacciya, ko kuwa baƙin akwatin nan wata dabara ce ta masu gyara don mota ta riƙa komawa wurinsu. Bai gaya wa kowa ba. Ranar Talata bayan la'asar, da Ashiru ya tafi kai albasar gonarsu kasuwa da amalanke, ya buɗe bonet ya yi ta gwada wayoyi har fankar ta tashi da makulli.

"Ni na zarge ka," in ji Malam, "kai kuma ga alama ka zargi wani."

Mainasara ya ce haka ne, har mutum biyu.

Malam ya aika aka kira Ashiru, ya faɗi abin da shi Malam ya yi wa motar a gabansa, bai rage komai ba. Ya kuma ce ranar da za a karɓo motar da shi za a je Bodinga. Haka aka yi. Mainasara ya sake wayoyin da suka ƙone, ya mayar da rile yadda yake, ya ƙara ƙaramin fiyus a kan siririyar wayar makulli. Ya ajiye wa Malam kujera a gaban motar, suka jira tare kusan minti ashirin cikin rana har ruwa ya yi zafi. Da fankar ta tashi Malam ya miƙa tafin hannu ya ji iskar, ya jira har ta tsaya, ya ce a sake. Kafin su tafi Mainasara ya liƙa wata 'yar koriyar fitila kusa da sitiyari, wadda take kamawa duk lokacin da fanka ke aiki, don Malam ya riƙa gani daga kujerarsa. Direbobin tashar duk sun ji bayanin daga bakin Malam da kansa.

Ashiru ya yafe wa Mainasara zargin nan take, har da dariya. Na Maniru ne ya yi wuya. Sai da Juwairiyya ta yi mako tana tuna masa, sannan Mainasara ya koma Shagari ranar kasuwa ya ba shi haƙuri a gaban mutanen da suka ji zargin. Maniru ya ce ya wuce, ya ci gaba da aikinsa, bai ce masa ya zauna ba. Mainasara ya ɗan tsaya, ya ga babu sauran magana, sai ya sayi kilishi ya hau motar Bodinga, don akwai wata bas da ke jiransa da matsalar caji tun safe.